Kwana Biyar a Oshogbo: Daga Ina Ɗan Koyo Ke Samo Abin da Yake Zanawa?

A watan Agusta na 1964 aka yi wani taron bita na kwana biyar a Oshogbo, ƙasar Yarabawa, wanda har yau masu nazarin tarihin zane a Nijeriya ba su gama muhawara a kansa ba. Wata Baturiyar Ingila mai suna Georgina Beier ta kawo takarda da fenti da burushi cikin kulob ɗin Mbari Mbayo, aka ce duk mai sha'awa ya zo ya gwada hannunsa. Ba a nemi takardar shaidar makaranta ba, ba a yi jarrabawar shiga ba. Cikin samarin da suka zo akwai Muraina Oyelami da Adebisi Fabunmi da Jimoh Buraimoh da wani mai rawa da ake kira Twins Seven-Seven, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare an rataye zanen waɗannan mutane a Legas da Landan. Abin da suka fi zanawa ba abin da ido ke gani ba ne: dodanni ne, da fatalwowin kurmi, da dabbobi masu fuskar mutum, da garuruwan da gidajensu suka hau kan juna. Labarin nan an saba ba da shi ta fuska biyu. Masu yabo suna cewa abin al'ajabi ne, yaran da ba su san komai ba sun wayi gari gwanaye. Masu suka suna cewa Turawa ne suka ɗauko jahilai suka koya musu zanen da Turawa ke son saya. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan zato ɗaya, cewa samarin sun zo wurin hannu rabbana, kai babu komai. Ni a ganina wannan zaton shi ne kuskuren. Burushi ne kaɗai sabo a wurinsu. Abin da za su zana sun daɗe da tara shi, kuma ana iya nuna inda suka tara shi, da hannun waɗanda suka karɓe shi.

Kafin a fahimci abin da ya sa kwanakin nan biyar suka tayar da ƙura, sai an tuna yadda ake koyon zane a Nijeriya a lokacin. Aina Onabolu, wanda ya yi karatu a Landan da Faris a farkon shekarun 1920, ya kafa hanyar da ke cewa gwani shi ne wanda zai zana fuskar mutum har danginsa su gane shi, ya san ma'aunin gaɓoɓi da yadda nesa ke ƙanƙantar da abu. Ya yi haka ne da dalili mai ƙarfi, domin Turawan mulkin mallaka na cewa baƙar fata ba zai iya ba, shi kuwa ya nuna musu ƙarya suke yi. Sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wanda ya koma Zariya a 1955 kuma daga baya ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello, ya ɗora a kan wannan turba da manhajar Ingila. A nan ne wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a 1958 suna neman a haɗa dabarun da ake koya musu da gadon gidajensu. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli na matan Ibo da halittun tatsuniyoyinsu. Wato tun kafin a buɗe gwangwanin fenti a Oshogbo, ɗaliban da suka fi kowa horo a ƙasar sun riga sun gano cewa iya riƙe fensir bai amsa tambayar abin da za a zana da shi ba. Ita ma Georgina a Zariya ta fara zama da ta zo Nijeriya a 1959, ta ga makarantar da idonta kafin ta koma Oshogbo a 1963.

Su waye waɗannan samari da ake cewa ba su san komai ba? Mbari Mbayo ba ɗakin zane ba ne tun asali. Gidan Duro Ladipo ne, marubucin wasan kwaikwayo kuma mawaƙi, wanda ya mai da mashayarsa kulob a 1962 tare da Ulli Beier, Bajamushen da ya zo koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1950, ya kafa mujallar Black Orpheus a 1957, ya kuma sa hannu wajen kafa kulob ɗin Mbari na Ibadan a 1961. A wannan gida ƙungiyar Ladipo ke atisaye kullum. Muraina Oyelami makaɗi ne kuma ɗan wasa a cikinta. Rufus Ogundele, wanda ya fara zane a bitar da Denis Williams ɗan ƙasar Guyana ya jagoranta kafin ta Georgina, shi ma ɗan ƙungiyar ne. Jimoh Buraimoh shi ke kula da wutar lantarki da hasken dandamali. Jacob Afolabi a mashayar yake aiki. Wasan da ya fi fitar da sunan ƙungiyar, Oba Koso, labarin Shango ne, Alafin na Oyo da aka mayar abin bauta bayan mutuwarsa, kuma an kai shi Balin a 1964, an kai shi Ingila a 1965. Mutumin da ya shekara yana kaɗa ganga a bayan Shango, yana kallon yadda ake shirya fage don tsawa ta faɗo a daidai lokacinta, yana sauraron kirarin sarakuna dare da rana, ya riga ya sha horo a kan yadda ake ba abin da ba a gani siffa. Wanda sana'arsa ita ce jefa jan haske a kan fuskar ɗan wasa don mai kallo ya tsorata ya san aikin launi, ko da bai taɓa tsoma burushi ba. Makarantarsu ke nan, kuma ta shekaru ce, ba ta kwanaki ba.

Ga garin kansa. Oshogbo gari ne na marina, inda mata ke zana adire da kunun rogo kafin a tsoma a baba, a raba zane gida-gida a cika kowane gida da tsuntsu ko ƙadangare ko wani ƙulli. Gari ne na kurmin Oshun, abar bautar kogin garin, da bikinta na shekara-shekara, inda a daidai wannan lokaci Susanne Wenger, 'yar ƙasar Ostiriya, ke aiki da magina da masassaƙan gari suna sake tayar da wuraren bauta da siminti. Akwai masu ɗinka rawanin sarakuna da ƙananan duwatsun ado, akwai masu sassaƙa ƙyauren fada da ginshiƙanta, akwai dodannin egungun da ke fitowa lulluɓe da ƙyallaye. Yaro bai buƙatar malami ya nuna masa waɗannan, a cikinsu ya buɗe ido.

Twins Seven-Seven shi ne misalin da ya fi kowane bayyana abin da nake nufi, kuma shi ne wanda aka fi jingina wa tatsuniyar gwanin da ya faɗo daga sama. An haife shi a 1944 a Ogidi, cikin lardin Kabba na tsohuwar Jihar Arewa, sunansa Taiwo Olaniyi Oyewale, kuma a faɗarsa mahaifiyarsa ta haifi tagwaye sau bakwai, shi kaɗai ya rayu. Duk wanda ya san matsayin tagwaye a wurin Yarabawa, da imaninsu game da yaron da ke mutuwa yana dawowa, ya san cewa wannan yaro ya tashi ne ana gaya masa ƙafarsa ɗaya tana wata duniya. Kafin ya iso Oshogbo yana yawo ne da masu tallar magani, yana rawa don jama'a su taru. Da aka ba shi burushi bai yi masa daɗi ba, domin hannunsa na son siririn layi, sai Georgina ta ba shi alƙalami da tawada, daga baya ta nuna masa yadda ake karce zane a farantin ƙarfe a buga. Daga nan salon nasa ya fito: ya ja siffar halittar da baƙin layi, sannan ya zauna yana cika ta da ɓawon kifi da gashin tsuntsu da ɗigo-ɗigo da idanu, har ba a bar ko tafin yatsa fili ba. Daga baya ya riƙa yanka siffofin a falanki yana manna su a kan wani falankin don su taso. An ba shi littafin Amos Tutuola, My Life in the Bush of Ghosts na 1954, ya kuma zana abubuwa da yawa daga cikinsa, kuma masu suka sun riƙe wannan a matsayin shaidar cewa cusa masa aka yi. Amma Tutuola daga ina ya samo nasa? Daga bakin tsofaffi, da kuma hanyar da D. O. Fagunwa ya share tun 1938 da labarin mafaraucinsa a kurmin aljanu, littafin da 'yan makarantar ƙasar Yarabawa suka karanta da harshensu. Abin da Twins ya tarar a littafin Tutuola ba baƙo ba ne gare shi. Izini ya samu, ya ga cewa abin da ake faɗa da dare a tsakar gida ya isa a sa shi a takarda a nuna wa duniya. Wannan izini shi ne abin da ɗan koyo ya fi rasa, domin yawanci yana zuwa ne da tunanin cewa abin da ya sani ba shi da daraja, abin da ke cikin littattafan wasu shi ne zane.

Da a ce hannu ɗaya ne ke juya su, da ayyukansu sun yi kama, amma ba su yi ba. Oyelami bai bi dodanni ba sosai, ya fi zana fuskoki da rufin gidaje da launi mai taushi, aikin da natsuwarsa ta yi hannun riga da hayaniyar Twins. Fabunmi, wanda aka haifa a Takoradi ta Gana, ya sassaƙa garuruwa masu cunkoso a allon bugu, daga baya ya koma manna zaren ulu mai launi. Buraimoh ya ɗauko duwatsun adon rawanin sarauta ya jera su a kan katako, ya mai da sana'ar fada ta zama zanen bango. Ogundele ya riƙe kaurin baƙin layi da siffofin da ke da alaƙa da Ogun, ɗaya daga abubuwan bautar Yarabawa. Asiru Olatunde, wanda ya girme su duka kuma ɗan gidan maƙera ne, bai taɓa fenti ba, alminiyon yake bugawa da guduma har labari ya fito a jikinsa. Kowa ya koma ga abin da hannunsa ko gidansu ya riga ya sani. Ya kamata a faɗa a nan cewa da yawa daga cikinsu Musulmi ne, kamar yadda sunayen Muraina da Jimoh da Asiru ke nunawa, kuma mai karatu na da haƙƙin ya tambayi yadda suka daidaita wannan da zanen siffofi da labaran abubuwan bauta na gargajiya. Hukuncin wannan na malamai ne. Abin da tarihi ke iya nunawa kawai shi ne sun ɗauki labaran a matsayin gadon garinsu, kamar yadda Ladipo, ɗan gidan limamin coci, ya ɗauke su.

To mene ne aikin Georgina, idan ba ita ta ba su abin zanawa ba? Ta ce ba ta koyar ba, kuma gaskiya ne ba ta tsaya a gaban allo tana nuna yadda ake zana hannu ko hanci ba, ba ta kuma ajiye kwalba da lemo ta ce a kwaikwaya ba. Amma ban yarda cewa wannan rashin koyarwa ne ba. Wanda ya zaga cikin samari masu zane, ya tsaya a kan takarda ɗaya ya ce wannan ci gaba da shi, ya wuce wata bai ce komai ba, ya koyar. Wanda ya lura cewa burushi na hana wani yaro abin da alƙalami zai ba shi, ya koyar. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne abin da ya biyo bayan bitar, wanda masu son labarin al'ajabi ke tsallakewa. Mutane da yawa sun halarta, kaɗan ne aka zaɓa, kuma waɗannan kaɗan sun ci gaba da aiki kusa da ita fiye da shekara biyu, ana ba su kaya da wurin zama su yi aiki, ana duba abin da suka yi, ana koya musu bugu, har iyalin Beier suka bar Nijeriya a ƙarshen 1966. Kwana biyar ɗin tankaɗe ne kawai. Sana'ar an koye ta ne a watannin da suka biyo baya, da maimaici da ɓata takarda, kamar kowace sana'a.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta hannun Bature, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba, domin tana da hujja. Oshogbo ba ita ce ta farko ba. A 1946 Pierre Romain-Desfossés ya buɗe irin wannan wuri a Elisabethville ta Kwango, a 1951 Pierre Lods ya buɗe na Poto-Poto a Brazzaville, kuma dukansu sun yi imani cewa akwai wata baiwa a jinin ɗan Afirka wadda makaranta ke lalatawa, don haka a tsare shi daga ilimi. Wannan tunani, duk da kamannin yabo da yake da shi, raini ne, domin yana nufin ɗan Turai ya yi karatu ya ƙaru, ɗan Afirka kuwa ya zauna yadda yake don ya burge. Ulli Beier bai kuɓuta daga wannan ba. Tun a shekarun 1950 ya raba kayan zane ga marasa lafiyar ƙwaƙwalwa a Abeokuta yana sha'awar abin da suka fitar, kuma an san ya rubuta wasanni ya sa musu sunan Bayarabe, Obotunde Ijimere, abin da ya isa ya sa a yi shakkar inda muryarsa ta tsaya da inda ta wasu ta fara. Duk wannan na amince da shi. Amma tambayar ita ce ko ra'ayin mai gida ya isa ya bayyana abin da ke kan takardar, kuma akwai hanyar gwadawa. Da suka bar Nijeriya, Ulli da Georgina sun tafi Papua New Guinea, suka sake yin abin da suka yi a Oshogbo. A can Timothy Akis, ɗalibin Georgina, ya yi nuninsa a Port Moresby a 1969, Mathias Kauage ya gani ya fara nasa. Akwai kama a wasu wurare, musamman son baƙin layi da cika fili da ado, kuma a nan ana iya ganin ɗanɗanon Georgina. Amma Akis dabbobi da halittun tsaunukan garinsu ya zana, Kauage kuwa jiragen sama masu saukar ungulu da motocin haya da bikin 'yancin ƙasarsa na 1975, mutanensa sanye da adon gashin tsuntsu irin na yankinsu, Chimbu. Malama ɗaya, hanya ɗaya, amma babu Shango a Port Moresby, babu fatalwar Tutuola. Abin da ke cikin zanen ya bi ɗalibin ne, bai bi malamar ba.

Mai karatun Hausa ya san irin wannan shari'a daga gida. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, ya zaga yana lallashin malamai su rubuta abin da ba wa'azi ba kuma ba tarihi ba, daga ciki aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Da Abubakar Imam ya zauna rubuta Magana Jari Ce, East ya tara masa littattafan labaran Larabawa da na Turawa da na Indiya don ya duba, ya kuma gyara masa rubutu. Bature ne ya kira, Bature ne ya zaɓa, Bature ne ya buga. Duk da haka babu mai hankalin da zai ce East ne ya ba Imam harshensa, ko barkwancinsa, ko sanin halin fadawa da alƙalai da 'yan kasuwa. Idan mun yarda cewa Imam na Imam ne duk da East, adalci ya hana mu ce Twins na Beier ne.

Suka ta biyu ita ce ta kasuwa. Masu sayen aikin Oshogbo a farko baƙi ne, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da malaman jami'a, ta hanyar nune-nunen Cibiyar Goethe a Legas da kuma gidan wata Ba'amurkiya, Jean Kennedy, da ke buɗe ƙofarta don a zo a gani a saya. Ana cewa wanda ke biya shi ke zaɓen waƙa, kuma baƙon yana son Afirkar aljanu, ba Afirkar ma'aikatan jirgin ƙasa ba. Akwai gaskiya a nan, kuma ta fi bayyana a ayyukan baya, inda Twins kansa ya maimaita wasu siffofi har suka gaji. Sai dai maimaici ciwon kowane mai zane ne da ya sami kasuwa, ko a Faris yake, kuma kasuwa ba ta iya bayyana aikin farko, wanda aka yi kafin a san akwai mai saya. Ba ta kuma bayyana abin da ya sa Oyelami ya ƙi bin dodannin da suka fi ciniki. Abin da kuɗin baƙi ya yi shi ne ya ba ɗan rawa da mai gyaran wuta damar su mai da zane abin ci da iyali, a ƙasar da attajiranta ba su fara sayen irin wannan aiki ba tukuna. Ba na ganin laifin wanda ya karɓa.

Suka ta uku daga masu digiri ta fito, cewa waɗannan ba su da tushe, ba su san ƙirar jiki ba, ba su san ma'aunin nesa da kusa ba, kuma abin da ake kira salonsu rashin iyawa ne aka yi wa ado. A nan ma dole a raba. Gaskiya ne Twins ba zai iya yin abin da Onabolu ya yi ba. Amma dokar nesa da kusa an ƙirƙire ta ne don a kwaikwayi abin da ido ɗaya ke gani daga wuri ɗaya, kuma wanda ke zana fatalwa mai kai da yawa a kurmin da ba shi da gabas ko yamma ba shi da buƙatarta. Dokokin da yake bi wasu ne, irin na mai adire da mai sassaƙa ƙyaure, inda babba shi ne mai muhimmanci ba na kusa ba, kuma fili ba a barinsa banza. Su ma dokoki ne, ana iya kiyaye su ana iya karya su, kuma mai ido yana bambance aikin Oshogbo mai kyau da maras kyau. Ban da haka, katangar da ke tsakanin ɓangarorin ba ta kai tsayin da 'yan muhawara suka ba ta ba. Onobrakpeya, ɗan makarantar Zariya, ya halarci bitar bugu a Mbari Mbayo, kuma bugu ne ya zama abin da aka san shi da shi. Buraimoh, ɗan Oshogbo, daga baya ya je Jami'ar Ahmadu Bello ya ƙaro ilimi, bai kuma rasa salonsa ba, abin da ya rushe tunanin Desfossés cewa karatu na kashe baiwa. Twins ya shiga babban nunin Magiciens de la Terre a Faris a 1989, UNESCO ta naɗa shi mai zanen zaman lafiya a 2005, shekarar da ta sa kurmin Oshun cikin wuraren tarihi na duniya, ya rasu a Ibadan a 2011.

Hujja ta ƙarshe tana cikin abin da ya faru da waɗanda suka biyo baya, kuma ita ce ta fi damuna. Da sunan Oshogbo ya fita, samari da yawa suka shiga sana'ar ta hanyar zama a gidan gwani, yadda ake koyon kowace sana'a a ƙasar. Amma da yawansu abin da suka koya shi ne fatar aikin: ɓawon kifin Twins, manyan idanunsa, duwatsun Buraimoh. A daidai lokacin kuma rijiyar da na farko suka sha tana ƙafewa. Ladipo ya rasu a 1978, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari suka koma fim sannan bidiyo, kuma yaron da ya zo koyo a 1985 bai yi shekara yana kaɗa wa Shango ganga ba. Sakamakon shi ne tarin zanen da ake shimfiɗawa a ƙofar otal, dodo a kan dodo, babu labarin da ke bayansa. Kayan aiki sun fi na 1964 yawa, malamai sun fi yawa, kasuwa ta fi faɗi, amma aikin ya fi rauni, kuma abu ɗaya da ya ragu shi ne abin da ɗan koyon ya zo da shi. Wadda ta fi kowa kauce wa wannan rami a cikin 'yan baya ita ce Nike Davies-Okundaye, 'yar Ogidi ita ma, wadda ta zauna a gidan Twins a matsayin matarsa kafin ta kama gabanta. Bitar 1964 ba ta fitar da mace ko ɗaya cikin sanannunta ba, alhali mata ne ke riƙe da zanen adire na garin. Nike ta iso Oshogbo da saƙa da rini da ta koya a hannun tsofaffin matan gidansu tun tana yarinya, ta ɗora zanen labarai a kan wannan, kuma da ta buɗe cibiyarta a Oshogbo a 1983 ta riƙa ɗaukar 'yan koyo kyauta, da yawansu mata, tana koya musu adire da sunayen zanensa da ma'anar kowane ɗaya tare da aikin hannun.